Saiwar da Na Cire Daga Jakarka

Zuwa ga angona, mai sunan da bakina ba ya iya faɗi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo, tunda sa'ad da za ka karanta ta ba ka kusa balle ka ce mini na riga na gaishe ka ɗazu. Ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta tarar ka sauka Kaduna lafiya, kai da kayanka da bayin Allah da ke cikin jarka. Allah Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, Ya haɗa ka da maƙwabta na gari, Ya sa aikin asibitin nan ya karɓe ka. Amin.

Ka yi haƙuri da hannuna. Ka san ajin yaƙi da jahilci na yi, rani biyu kacal, rabin lokacin ma gyaɗa nake sayar wa 'yan ajin. Inda ka ga baƙi ya kwanta ka tashe shi, inda ka ga ya gudu ka kamo shi.

Na san abin da hannunka ke lalube a jakar nan. Saiwar itacen nan kake nema, mai yatsu kamar hannun tsohuwa, wadda ka tsinto a tsohon rumbun kakanka, ka yi kwana uku kana goge ta da yashi kana cewa ita za ta zama sarauniyar akwatin gilashin da ka saya wa kifi. To ba ta nan. Ni na ɗauke ta ranar da ka tafi Lolo sallama da abokanka, na sa maka wani ƙunshi a gurbinta. Kada ka zargi kowa a gidan. Ɓarauniyar matarka ce, kuma ba ta tuba ba.

Kafin ka kumbura baki, tuna abin da ka ɗauka. Ƙananan jajayen kifayen nan masu ɗigon shuɗi a kumatu, su ne ragowar na kakanka. Fadamar bayan tungarmu inda yake kamo irinsu ta zama gonar shinkafa, kullum cikin feshin magani take, ko ƙwaya ɗaya ba a ƙara gani ba. Ni kuma gwiwa ta ƙi, babanka ya rantse bayan girbi sai ya kwashe ni zuwa gidansa na Bagudo, inda babu wurin girke babbar kwatarniyar da suke ciki. In sunka mutu a hannunka, iri ya ƙare. Shi ya sa zan gaya maka ɓarnar da na yi wa kakannin kifayen nan, don kada ka maimaita. Sau uku na yi, kuma kowane karo da kyakkyawar niyya.

Ni 'yar tudu ce, ka sani. Can wajen Kaoje anka haife ni, gidan gero da dawa. Kifin da na sani kafin aure busasshe ne, a lanƙwashe a kan tsinke, ba ya kallon kowa. A kasuwa na fara ganin kakanka yana sayar da shi, ni kuwa ina tallar daddawa, na ce masa kifinsa ya fi shi ƙiba. Ya ce to in zo in yi kiwonsa. Kasuwa huɗu yana maimaita maganar, ta biyar na ce ya je ya ga babana.

Da anka kawo ni bakin kogin Kwara, abin da na fara gani a tsakar gida shi ne kwatarniyar nan ƙarƙashin mangwaro, cike da ruwa, wasu jajayen abubuwa suna yawo a ciki kamar an watsa barkono. Na tambaya yaushe za a soya su. Gidan duka anka fashe da dariya, ban da shi. Ashe duk tungar ba'a ake yi masa, ana cewa ga Basarke, ɗan masunta, da ke ciyar da kifi maimakon kifi ya ciyar da shi. Shi ko a jikinsa. In ya dawo daga kogi, kafin ya sha fura sai ya durƙusa ya leƙa su. Ni har na fara jin haushi, don ni ba a leƙa ni haka.

Sati na biyu da zuwana na yi ta farko. Na ga bangon kwatarniyar ya yi kore da gansakuka, na ce a raina wagga ƙazanta ba a gidana ba. Na kwashe kifayen cikin ƙwarya, na ɗauko sabulun nan mai ƙanshi na Dahome da ke cikin kayan aurena, wanda ni kaina ban yarda in yi wanka da shi ba sai Juma'a, na wanke kwatarniya tas har tana ƙara in an shafa. Na zubar da tsohon ruwan duka, na cika ta da sabo daga rijiya, na mayar da su, na zauna ina jiran yabo. Kafin la'asar rabinsu sun juya ciki sama. Ba halin musu, don ƙanshin sabulun har ƙofar gida. Kakanka ya kwashe masu sauran rai ya zuba su a ruwan kogi cikin tulu, sa'an nan ya dube ni ya ce, "'Yar tudu, koren nan da kinka kankare, shi ne tabarmarsu, shi ne tuwonsu."

To ka ji. Sabulu da omo kada su kusanci gilashin nan, ko dutsen ciki, ko hannunka in za ka tsoma shi. Ka ware bokiti guda da soso guda, sabbi, su zama na kifi su kaɗai. In ruwa ya yi datti ka ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu ka ƙara sabo, kada ka zubar duka. An ce mini ruwan famfon birni da magani a ciki, to ka tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana biyu ya huce kafin ya shiga wurinsu. Gaban gilashin ka goge don ka gan su, amma koren da ya kama dutse da itace ka bar musu abinsu. Kai ma a wurin aikin nan, in ka tarar da wani abu da ya yi maka kama da datti, kada ka ɗauko soso ranar farko. Tambayi tsofaffin wurin tukuna, wataƙila tabarmar wani ce.

Ta biyu don in wanke laifin ta farko na yi ta. Na ce tunda na kashe musu 'yan uwa, bari in gyara wa sauran ɗaki. Na jefa musu munduwata ta tagulla, da murfin kwanon sha mai fentin fure, da duwatsun wuya kala uku, da fararen ɓawon makankari, dangin katantanwa, da na tsinto a bakin ruwa. Wallahi in rana ta haska ciki sai ka ce shagon kasuwar Malanbil ta Dahome. Uwar mijina, Inna Kulu, ta zo ta tsaya ta riƙe ƙugu, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Hajo, jere kinka yi wa kifi? Saura gado da labule." Ta kira matan maƙwabta sunka zo kallo, har yau akwai tsohuwa ɗaya a tungar nan da ke ce mini Mai Jeren Kifi.

Wannan karon ba su mutu ba, amma cikin 'yan kwanaki jan ya kwashe daga jikinsu, sunka koma kalar toka, sunka tsuke fiffike, suna goga jiki a ƙasa. Munduwar ta yi tsanwa, fentin murfin ya fara ɓarewa. Kakanka ya tsame kayan ɗaya bayan ɗaya, ya jera mini su a bakin ƙofa, ya ce in ina son kwalliya in yi wa kaina, shi zai kalla.

Na tuna da wannan ranar da ka nuna mini hotuna a wayarka, gidan sarki na roba, da tsakuwa shuɗiya da ruwan hoda, da wani mutum-mutumi mai hular ƙarfe yana fitar da kumfa. Ka ce suna da tsada, sai ka yi albashi. Don kada in kunyata ka gaban ƙannenka, a raina kawai na ce jini ba ya ƙarya, ga jikan Mai Jeren Kifi. Angona, kifi bai san fenti ba. Abin da yake so wurin ɓuya, da inuwa, da dutsen da zai yi ƙwai a kai, kuma duk Allah Ya zubar da su kyauta a ƙasa. Duk abin da yake ƙarfe ne, ko anka shafa wa fenti, ko yake sakin launi in ka jiƙa shi ka murza da farin ƙyalle, ka bar shi a kan teburinka.

Dutse kuwa ka nemi mai santsi wanda ruwa ya gama lashewa, don mai kaifi yana yanka su in suna guje-guje. Kafin ka sa shi, ka kankare gefe kaɗan ka matsa masa lemun tsami. In ka ga yana tsiyayar da ƙananan kumfa, dutsen farar ƙasa ne, zai sauya musu ruwa a hankali, ka yar. Ɓawon makankari da na katantanwa haka suke, kyau a ido, amma namu kifayen ba su saba da ruwansu ba. Wanda ya yi shiru da lemun, ka goge shi da ruwa zalla, ka kwarara masa ruwan zafi. Kada ka ɗora dutse a wuta. Na taɓa ganin wanda ya fashe a murhu ya tsaga tukunya.

Yashin da ke ƙunshinka daga tsibirin tsakiyar kogi na sa anka ɗebo, sama da mashigi. Kada ka taɓa ɗiban yashi inda jirage ke lodin jarkokin fetur, ko inda mata ke wanki, ko ƙasan gonar da ake feshi, kome farinsa. In naka bai isa ba ka nemi na rafi mai gudu, ka wanke shi a bokiti kana juyawa kana tsiyayewa har ruwan ya fito kamar na sha. Za ka gaji kafin ya fito. Ka ƙara sau biyu bayan ka gaji.

Akwai kuma ɓarin tukunya guda biyu. Jar tukunya ce sabuwa, ni na fasa ta da gangan, babarka tana ta salati. Na goge bakin a kan dutsen niƙa har ya daina cizo. Ka kifa su a kan yashi su zama ɗaki. In za ka ƙara a can, ka sayi ja wadda ba a taɓa girki a ciki ba. Baƙar nan mai sheƙi ka bar ta, don magina suna yayyafa mata ruwan makuba tana da zafi, makuba kuwa ɓawon ɗorawa ne, da shi ake bugar da kifi a tafki. Ƙoƙon kwakwa ma yana yi, irin wanda motocin Kwatano ke zubarwa a tasha. Ka kankare naman da gashin, ka huda masa ƙofa, ka tafasa shi kana zubar da ruwan har sau uku. Ka yi musu ɗakuna fiye da yawansu, kuma kada ƙofa ta kalli ƙofa, don jajayen nan mafaɗata ne, in sun tashi ƙwai ba su san ɗan uwa ba. Sun yi kama da dangin babarka, amma kada ka ce ni na faɗa.

Yanzu saura ta uku. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba, ko babanka. Na ajiye alƙalami sau biyu kafin in fara.

Ina da cikin babanka wata biyar na tafi ganin gida da damina. Iska ta tuge wata aduwa a gonar babana, saiwarta ta fito waje, a murɗe, da yatsu biyar. Da na gan ta sai na tuna kakanka yana sa guntayen itace a kwatarniya, kifaye suna shiga suna fita. Na ce yau na samo abin da ba ƙarfe ba, ba fenti ba, ba sabulu ba, itace ne na Allah. Na sa anka sare mini ita, na ɗauko ta a ka, ɗanya shar da ɓawonta, tun daga tudu har bakin kogi. Ban tambayi kowa ba, don so nake in ba shi mamaki. A garinmu aduwa abin tsotsa ce, da itacenta ake sassaƙa allo. Wa zai ce mini tana kisa? Amma a tungar nan ko yaron da bai yi kaciya ba ya san ɓawon aduwa dafin kifi ne.

Na tarar kakanka ya tafi kamun kifi da mutanensa, sai bayan kwana biyu. Da hantsi na daddauje saiwar da dutse don ta zauna daidai, na tsoma ta. A lokacin akwai manya biyu, mace da namiji, suna tsaron ɗiyansu, ƙanana kamar ƙwayar gero, gajimare guda suna bin uwar. Kakanka ya yi wata yana jiran ƙyanƙyasar nan. Na shiga ɗaki na yi tankaɗe. Da na fito da azahar, ruwan ya yi kumfa a gefe, kuma babu mai motsi. Uwar tana kwance a kan ruwa, ɗiyan sun kewaye ta kamar dussa.

Abin da ya kamata in yi ka san shi. Ga abin da na yi. Na zare saiwar na jefa bayan rumbu cikin ciyawa. Na kwashe gawarwakin na binne a gindin ayaba. Na kwarar da ruwan, na bar kaɗan a ƙasa. Sai ga toron agwagwar Inna Kulu ya zo yana shan ruwan da ya malala, yana taka laka yana barin sawu. Shaiɗan ya ce mini ga mafita. Na ɗora hannu a ka na kwarma ihu, na ce toro ya faɗa kwatarniya ya cinye kifin maigida.

Inna Kulu mace ce mai zafi amma mai gaskiya. Ta ce dabbar da ta ci amanar ɗanta ba ta ƙara kwana a gidan. Kafin la'asar an yanka toro. Da anka gama miya ta tsamo cinya guda ta sa mini a kwano, ta ce mai ciki ce ta fi buƙata, ga shi na sha firgita. Na ci, angona. Allah Ya gafarta mini, har ƙashin na tauna, kuma ya yi daɗi.

Da kakanka ya dawo anka tare shi da labari tun daga bakin ruwa. Ya zo ya durƙusa gaban kwatarniya yadda ya saba. Ya tsoma yatsa a ɗan ruwan da ya rage, ya shinshina, ya ɗanɗana, ya tofar. Ya daɗe a durƙushe. Sa'an nan ya ce, "Ikon Allah. Toro ya ci kifi ya fi ashirin, bai bar ko ɓawo ba." Ya tashi ya tafi masallaci. Ni kuwa na ce a raina na sha.

Bayan sati ya ce in shirya zan raka shi kogi. Inna Kulu ta ce ina aka taɓa sa mai ciki a jirgi ba dalili, ya ce iska za ta sha. Wannan yinin, in an ce in zaɓi guda cikin kwanakin duniyata in sake, shi zan zaɓa. Ruwa ya cika ya shiga daji, muna ratsa ciyawar burgu da bado, tsuntsaye suna tashi gabanmu, daga hagu muna jin matan Dendi na tsallake suna waƙar daka. A lokacin ba wanda ke tambayarka takarda, in ka ga dama ka sha fura a Najeriya ka yi sallar azahar a Dahome. Yana tuƙi yana nuna mini abubuwa da bakin filafili, kamar mai hira da kansa.

Ya kai ni gindin wata matacciyar giyayya da ta shekara da shekaru a ruwa, ɓawon ya tafi, itacen ya yi baƙi ya yi tauri. Ya ce in leƙa. Ƙananan kifaye fal a tsakanin saiwoyin, suna tsattsagar jikinta. Ya ce itacen da za a ba kifi shi ne wanda kogi ya riga ya tauna ya tsotse, kuma shaidarsa ita ce ka ga kifi da kansa ya zaɓe shi. Ya ce ɗanyen itace ba ya shiga, kome kyansa. Mai farin nono kamar tumfafiya da tinya ba ya shiga. Mai ɗaci kamar maɗaci da dogon yaro ba ya shiga. Mai laushi ruɓewa zai yi ya ɓata ruwa. Marke da giyayya busassu sun fi, ya ce, su ma sai an ɓare, an tafasa, an jiƙa sati biyu ana sauya ruwa har su nutse da kansu. In ruwa ya ɗan yi kalar shayi ba kome, kifin fadama ya saba.

Daga nan ya tsaya a gaɓa inda wata aduwa take. Ya ɓantaro ɓawonta, ya daka a kan dutse, ya zuba a gora da ruwa, ya girgiza, ya tsiyaya a tafin hannu. Kumfa ta tashi fari fat kamar ta sabulu, ta ƙi kwanciya. Ya ce duk itacen da ban sani ba in yi masa haka, in kumfarsa ta tsaya, makashi ne. Ya ce da wannan kakanninsu ke kwashe kifin tafki a yini guda. Duk maganar nan bai dube ni ba, kogi yake kallo. Ni kuwa zufa har cikin zane, na ce rana ce. Ya ce i, ranar yau da zafi. A hanyar dawowa ya jefa ƙaramar koma a bakin fadama ya kamo jajaye shida, ya miƙo mini ƙwaryar ya ce in riƙe da kyau, daga yau ni ce mai kula da su. Na cikin jarkarka jikokin jikokinsu ne, sai ɗan abin da yake ƙarowa lokaci-lokaci don jini ya sabunta.

Shekara arba'in da wani abu munka yi bayan nan. Sau da yawa na buɗe baki in faɗa masa, sai in ga yau yana cikin farin ciki kada in ɓata, gobe kuma yana cikin damuwa kada in ƙara. Har Allah Ya karɓi abinsa ban faɗa ba. Damina ta biyu bayan rasuwarsa rumbu ya fara yoyo, na sa anka yaye jinkar. Sai ga wani ƙunshi a rataye daga ciki, an naɗe shi da tsohuwar koma. Na kwance. Saiwar nan ce, mai yatsu biyar. An ɗaura mata gashin toro guda ɗaya da zare.

Na zauna a ƙasa na yi dariya har masu jinka sunka ɗauka na taɓu, daga nan dariyar ta juye. Mutumin nan tun ranar ya sani. Ya tsince ta a ciyawa, ya ɗaure, ya rataye a inda kullum nake ɗiban hatsi a ƙarƙashinta, bai taɓa ce mini uffan ba. Ban sani ba ko jira yake in faɗa, ko kuwa abin dariyarsa ne shi kaɗai in ya shiga rumbu. Na mayar da ita inda take. Kai kuma ka zo da rawar kai ka kwance, ka yar da komar, ka yar da gashin ka ce shara ce. Na tsince shi, yana cikin adakata.

Za ka ce mini, da iliminka na gwajin jini, bayan shekara hamsin dafin ya mutu. Wataƙila ya mutu. Amma ba a kan kifayen nan za a gwada ba. Kuma ko ta zama zuma, saiwar nan tawa ce, wasiƙa ce anka bar mini.

Abin da nake so ka ɗauka a nan biyu ne. In za ka yi wa wani alheri a abin da ba ka sani ba, ka tambaya tukuna, mamaki ba ya tayar da matacce. Na biyu ya fi nauyi, musamman a asibiti inda kuskure ba kifi yake kashewa ba. In hannunka ya yi ɓarna, ka faɗa da bakinka tun ruwan bai bushe ba. In ka yi shiru, wallahi akwai toron da zai biya, kuma wataƙila a ba ka cinyarsa ka ci. Kada ka sa ran kowa zai yi maka irin haƙurin kakanka. Irinsa ɗaya anka yi, ni na same shi, kai sunan kawai ka samu.

A cikin ƙunshin, abin da ke naɗe da jiƙaƙƙen buhu guntun giyayyar kwatarniya ne, wanda ke cikin ruwa tun kafin a haifi babanka. Ba ya son tafasa, ba ya son wanki, kada ma ka bari ya bushe. Ka sa shi yadda yake, da korensa, su ji ƙanshin gida. Faffaɗan dutsen nan shi ne wanda suke ƙwai a kai, ka kwantar da shi a kusurwa. Busassun ganyen na baushe ne, waɗanda sunka faɗo da kansu, ka jefa biyu ko uku, in sun narke ka sauya. In sun ƙare, busasshen ganyen gwaiba yana yi, muddin ba a yi wa bishiyar feshi ba. Kainuwa ban sa maka ba don za ta mutu a hanya, amma ba ta wuyar samu. In ka samo, ka ajiye ta a roba daban kwana bakwai kana dubawa, don matsattsaku da ƙwarin ruwa suna laɓewa a gashinta. Kada ka bari ta rufe fuskar ruwa duka, kuma kada ka cika akwatin da kaya har su rasa filin yawo. Ɗaki ne, ba rumbu ba.

Saura magana ɗaya, tunda a daren da za ka wayi gari ka tafi nake rubutun nan. Gobe da safe za ka ƙirga kifi tara ka zuba a jarka, na ji kana faɗa wa babarka. In ka isa Kaduna za ka tarar da bakwai. Kada ka tuhumi direba, kada ka nemi toro. Na riga na shirya ludayina, ina jiran ka fita kiran mai babur. Mace ɗaya da namiji ɗaya zan tsame, in tafi da su Bagudo a ƙaramar kwatarniya, wadda gwiwata za ta iya da ita. Ba wai ban yarda da kai ba ne. To, ban gama yarda ba, mutumin da ya so ya ba kifi aduwa. In naka sunka mutu, kada ka ɓoye mini, ka hau mota ka zo ka faɗa da bakinka in ba ka iri. In kuwa nawa ne sunka rasa mai ba su ruwa wata rana, ka san abin da nake nufi, to ka zo ka ɗauke su ka haɗa da 'yan uwansu. Ka buɗe adaka, za ka ga saiwar da gashin a ɗaure. Ka rataye su a ɗakinka, sama, nesa da ruwa.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka ci abinci kafin ka leƙa kifi, kada ka yi halin mai sunanka. In 'yan matan Kaduna sun tambaya, ka ce kana da mata a gida, tsohuwa ce amma ɓarauniya ce, ba a iya mata. Ranar da ka ga gajimaren ƙananan nan yana bin uwar, ka kira wayar babanka a kawo mini a kunne.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya zaunar da kai lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka. Allah Ya raya abin da ka ɗauka, Ya jiƙan wanda ya fara kiwonsu, Ya sa ya yafe mini, shi da Inna Kulu. Toro kuma sai mun haɗu.

Wassalam. Taka har kullum,
Kaka Hajo, Mai Jeren Kifi